Rediyon da Ke Kamo Matattu

Sufeto Najiba ko jakarta ba ta ajiye ba wata mata ta faɗo cikin ofis, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Ranki ya daɗe, ku yi wa Allah ku zo! Za su ƙone Gwaggo!"

"Zauna ki numfasa tukuna. Ke wace ce? Su wa za su ƙone ta?"

Sunanta Dorkas, daga Unguwar Kanya, wani ɗan ƙauye tsakanin Malumfashi da Danja. Mahaifinta, Yabo, ya rasu kwanakin baya, ya bar gona da bijimai biyu na huɗa. Ran Lahadi, kowa yana coci, aka kwance bijiman, ga damina ta kawo kai. Mutum ɗaya ce a gidan ba ta zuwa coci, wato Gwaggo Tani, yayar marigayin, wadda har yau tana kan addinin kakanni.

"To don ba ta zuwa coci sai a ƙone ta?"

"A'a, ranki ya daɗe. Baba ne ya ce ita ce."

Najiba ta ɗago kai. "Ba kin ce ya rasu ba?"

"Ya rasu. A rediyo ya faɗa."

Saje Maiwada da ke tsaye bakin ƙofa ya ƙirƙiro tari don ya ɓoye dariya. Najiba kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta daɗe a aikin nan, ta sha ganin maganar da aka yi wa dariya da safe ta kai su ga ɗauko gawa da yamma. Ta suri hularta.

"Saje, tada mota."

Suna shiga ƙauyen suka tarar da taro a ƙofar gidan, maza da sanduna, mata a baya suna leƙe. Fasto ya tsawatar tun jiya, amma yau ya tafi taro, shi ya sa kowa ya zama jarumi. A tsakar gida, bakin wani ɗan ɗakin ciyawa, wata tsohuwa ta miƙe ƙafafu a ƙasa, ba ta kallon kowa.

Wani dogon mutum ya tarbe su yana goge gumi. Shi ne Enoch, babban ɗan marigayin.

"Sannunku da zuwa, ranki ya daɗe. Ai maganar gida ce, ba ta kai ga hukuma ba. Babu mai niyyar taɓa kowa."

"Madalla. Wancan galan ɗin da ke bayan turmi fa?"

"Fetur ne. Na babur."

"Ina babur ɗin?"

Enoch ya waiga hagu, ya waiga dama, babu babur babu alamarsa. Saje Maiwada ya ɗauke galan ɗin ya kai mota.

Najiba ta ɗaga murya yadda na waje za su ji. "Duk wanda ya ƙyasta ashana a garin nan yau, ko taba zai kunna, a wurinmu zai kwana. Malam Enoch, nuna mini turken."

Turken yana bayan gida. Igiyoyin suna nan lafiya lau, ba yanka su aka yi ba, kwancewa aka yi cikin natsuwa. Ta bi sawun shanun ta ƙaramar ƙofar baya har gindin wata tsamiya da ke jikin katanga. Nan sawun ya tsaya cak.

"Kin gani?" in ji Enoch, ya rage murya. "Nan suka ɓace. Kamar an ɗauke su sama."

"An ɗauke su sama kam, amma ba da nisa ba." Ta nuna masa ƙasa da tsinin takalminta. "Iskokin garinku da taya huɗu suke yawo?"

"Af, wannan ai sawun motar Zakariya ne, mijin Dorkas. A-kori-kura gare shi. Duk sanda ya zo nan yake ajiye ta, shekara da shekaru."

"Yana ina yanzu?"

"Ya je Funtua ɗauko taki. Yanzu zai dawo."

"To. Kai ni wurin rediyon."

Mai rediyon yana zaune a inuwar mangwaro, ya rungume abinsa kamar jariri. Sunansa Mark, mai gyaran rediyo da tocila a Malumfashi. An sake kiransa yau don marigayi ya maimaita hukuncinsa kafin a zartar.

Rediyon kuwa, kai, ta ga duniya. An ƙwaƙule bayanta, wayoyi ja da kore sun fito waje, an ƙara wa eriyarta tsawo da sipok ɗin keke, an liƙa mata ƙwan tocila a goshi.

"Me ka yi mata?" in ji Najiba.

Fuskar Mark ta washe. Babu abin da yake so irin wannan tambayar.

"Ranki ya daɗe, a waya na ga Turawa suna yi. Ita rediyo, in tana neman tasha, da ta samu sai ta tsaya. To ni na cire mata birki. Sannan na ja layinta can ƙasa, ƙarshen lambobi, inda babu tashar kowa. Kin ga duk muryar da aka ji a wurin, ba ta mai rai ba ce."

"Ka taɓa kamo wani mamacin kafin wannan?"

"Gaskiya a'a. Shuuu kawai take yi. Sai jiya Allah ya ba ni sa'a."

"Wa ya gayyato ka garin nan?"

Ya kawar da ido. "Babu kowa. Labarin satar na ji, na ce bari in zo in taimaka."

"Ka ɗauki maganar?"

"A wayata. Ga ta."

Ya kunna. Da farko shuuu ne. Can sai muryar wata mace ta ratso, siririya, ta yi wata gajeriyar magana cikin wani irin Turanci mai santsi. Aka ji mata sun ƙwalla ihu.

"Aljana ce," in ji Mark cikin raɗa. "Ita ta buɗe masa hanya."

Sai muryar Mark ɗin kansa, tana rawa: "Wane ne ke magana? Faɗi sunanka!"

Wata murya ta amsa, mai kauri, kamar daga cikin tulu: "Ni ne... baban Enoch."

"Wa ya kwance shanu?"

"Tani ce. Ta ba iskokinta. Ku fitar da ita daga gidana."

Najiba ta sa ya maimaita mata farkon. Sannan ta ja Saje Maiwada gefe.

"Saje, ka gane aljanar nan?"

Saje ya cije leɓe, kafaɗunsa suna girgiza. "Ranki ya daɗe, ai a motar ƙanena take kwana."

Ita ma Najiba kullum sai sun gaisa da wannan aljana a motar haya. Akwai wata 'yar na'ura da direbobi ke cusawa a ramin kunna taba, ta ɗauko waƙa daga waya ta bulutut, ta jefa ta cikin rediyon mota. Da zarar ta haɗu da waya sai muryar mace ta sanar. Kuma a ina take jefa waƙar? A can ƙarshen lambobi, inda babu tashar kowa, daidai wurin da Mark ya kafa tarkonsa na matattu.

"Ba ta cin nisa," in ji Saje. "Dole motar tana kusa."

"Kamar bayan katanga."

"Kamar gindin tsamiya."

Sai dai Najiba ta san taron nan ba zai watse don an yi masa bayanin bulutut ba. Mutanen sun ji muryar mamaci da kunnensu, kuma ita da Saje ba za su tare a ƙauyen ba. Suna juya baya wani galan zai fito. Akwai kuma wani abu a cikin maganar mamacin da ya tsaya mata a rai.

Ta je ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Gwaggo, sannu da haƙuri."

"Yawwa, 'yar nan."

"Ran Lahadi kina ina?"

"Ganye na je ɗiba."

"Ba ki ji ƙarar mota ba?"

"Kunnen ya mutu, 'yar nan. Ba na ji."

A hankali Najiba ta yi tambayar, kusan cikin raɗa, kunnen da ya mutu kuma ya ji ta sarai. Ta bar wannan, ta kama wata hanya.

"Gwaggo, ƙanen nan naki, da yana raye, yaya yake kiran Enoch?"

Sai yanzu tsohuwar ta dube ta. "Yabo? Ya kama sunan ɗan fari? Haba! Har ya bar duniya bai taɓa ba. 'Kai, wannan,' yake cewa. In da baƙi ne ya ce 'yaron gidan nan', ga mutum da furfura a gemu."

"Amma jiya ya kama, a gaban kowa."

Tani ta murza bakin zanenta.

"Na lura," ta ce. "Sai na ce ko in an je can ana ajiye kunya."

Tausayi ya kama Najiba har sai da ta kawar da kai.

"To shi kuma nasa sunan, su wa ba sa kama shi?"

"'Ya'yansa mana, da surukai. Ina jiyo su ta katanga in suna waƙar cocinsu. Da an zo wurin da ake cewa yabo ya tabbata, sai ki ji 'yan gidan nan sun haɗiye kalmar, sun tsallaka gaba."

Najiba ta miƙe. Ga mamacin da aka ce ya faɗi sunansa ya kasa, ya kuma faɗi sunan da bai taɓa faɗa ba yana raye. 'Ya'yan Yabo duk suna tsaye gaban rediyo jiya. Saura a ga wanda ba ya wurin.

Ba a jima ba aka ji ƙugin mota. A-kori-kura ta zagaya ta tsaya gindin tsamiya, shaƙe da buhunan taki. Direban ya duro yana fara'a, gajere, kakkaura, da makulli a yatsa.

"A'a, manya ne a gidan namu? Sannunku da aiki, ranki ya daɗe!"

"Kai ne Zakariya? Shigo ciki, 'yan tambayoyi ne."

Ta tsayar da shi a tsakar gida, inda kowa zai ji. Dorkas tana tsaye kusa da Gwaggo Tani, ta harɗe hannu a ƙirji.

"Ran Lahadi ka je coci?"

"Ban samu zuwa ba, ranki ya daɗe. Lodi na kai Funtua."

"Jiya fa, da rediyo ta yi magana?"

"Ina Funtua. Labari kawai aka ba ni. Wallahi abin ya girgiza ni."

"Ka san Mark?"

"Wane Mark? Au, mai rediyo? Yau na fara ganinsa."

Mark ya ɗago kai ya dube shi.

"Shi ke nan," in ji Najiba, kamar ta gamsu. "Saura ka cika mini bayani. Shanun da aka sace, na wane ne?"

"Na marigayi."

"Sunansa nake tambaya."

"Baba. Mai gidan nan."

"Malam Zakariya, hukuma ba ta san Baba ba. Garin nan cike yake da Baba. Wane ne mai shanun?"

Zakariya ya yi 'yar dariyar jin nauyi, ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. Bakinsa ya motsa, ya fasa. Sannan ya kama hanyar da ya saba bi shekara da shekaru in an matsa masa.

"Baban Enoch, ranki ya daɗe."

Tsakar gidan ta yi tsit. Wata tsohuwa a bayan taro ta ce, "Iye?"

Najiba ba ta bari shirun ya huce ba. "Mark, kunna rediyonka. Saje, karɓi makullin nan ka je ka murɗa. Malam Zakariya, wayarka."

"Ranki ya daɗe, ba caji..."

"Kawo."

Rediyo ta fara shuuu, ƙwan goshinta yana ƙiftawa. Daga bayan katanga aka ji Saje ya buɗe ƙofar mota. Sai ga siririyar muryar nan ta mace ta ratso, da Turancinta mai santsi. Mata suka ja da baya, wani mai sanda ya yar da sandarsa.

"Ku tsaya, ba ta cizo," in ji Najiba. "A kasuwa ake sayar da ita."

Ta buɗe wurin ajiyar murya a wayar. Zakariya bai goge muryoyin jiya ba, tun da yau ma marigayi yana da aiki. Ta danna na farko. Muryar cikin tulu ta fito daga rediyon Mark, tiryan-tiryan: "Ni ne... baban Enoch."

Ta danna na biyu. "Tani ce. Ta ba iskokinta."

Ta ɗaga wayar sama, ta juya da ita kowa ya gani. "Ga mamacinku nan a hannuna. Ku ce in sake kiransa?"

"Shi ne ya zo shagona!" Mark ya fashe. "Shi ya ɗauko ni! A hanya ya yi ta tambayata me zan tambayi mamacin, ya ce kada in faɗa wa kowa shi ya kawo ni, wai Fasto zai yi faɗa!"

Zakariya ya zube a ƙasa.

"Ni ne," ya ce. "Ni na kwance su. A cikin randa na sa kai na ɗauki muryar."

"Me ya sa?"

"Shekara nawa ina kwashe wa gidan nan amfanin gona da motata, ko man mota ban taɓa tambaya ba. Da aka zauna maganar gado, Enoch ya ce shanu na gandu ne, mace ba ta da ko kofato. Raina ya ɓaci. Na ce bari in ɗaukar wa matata rabonta."

"Ni na aike ka?" Dorkas ta daka masa tsawa, hawaye na zuba. "Ni na ce ka ɗauko mini?"

Bai ɗago ba.

"Ina shanun?" in ji Najiba.

"Suna wurin wani abokina, wajen Musawa. Ban sayar ba. Suna nan da ransu."

Enoch ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya dafa bango. Amma Najiba ba ta gama da Zakariya ba.

"Da aka ce mamaci ya faɗi sunansa, me ya hana ka faɗa?"

"Allah ya sani na gwada, ranki ya daɗe. Na gwada, na goge, na sake gwadawa. Bakina ya ƙi. Surukina ne fa."

Najiba ta dube shi sama da ƙasa. A aikin nan ta ga ɓarayi iri-iri, amma ba ta taɓa ganin mai ladabi irin wannan ba.

"Ka iya kwance masa shanu. Ka iya sa a cinna wa yayarsa wuta. Sunansa ne kawai ya fi ƙarfinka. To ita Gwaggo me ta yi maka?"

"Ta gan ni," ya ce a hankali. "Ina ɗora su a mota, tana can da kwandon ganyenta. Muka haɗa ido. Na ce in an kore ta daga garin, ko ta faɗa babu mai yarda. Ban ɗauka za a kai ga wuta ba."

Gaba ɗaya idanu suka koma kan tsohuwar.

"Gwaggo!" in ji Enoch. "Kin gan shi, kika yi shiru, muna neman..." Ya kasa ƙarasawa.

"Ni na goya Dorkas a bayan nan," in ji Tani. "In buɗe baki in kashe mata aure?"

Dorkas ta faɗi a jikinta tana kuka. Enoch ya cire hula, ya zo ya durƙusa gabanta har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Masu sanduna kuwa, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki a gona.

Najiba ta tsayar da Enoch. "Kai ma gobe ina son ganinka a ofis, kan maganar babur ɗin nan naka da ba shi da jiki. Ka zo da mai unguwa."

"To, ranki ya daɗe. Na gode. Allah ya sani na gode."

Mark yana tsugune yana kallon rediyonsa. "Ashe dai har yanzu shuuu ɗin ce kawai," ya ce. Ya yi ɗan tunani, ya zare batir ɗin. "Gara haka. Jiya ko runtsawa ban yi ba."

Saje Maiwada ya sa wa Zakariya ankwa, ya tisa ƙeyarsa zuwa mota. Daga nan Musawa za su wuce a kwanto bijiman. Najiba ta juya za ta bi su, sai ta ji an riƙe bakin rigarta.

Gwaggo Tani ce.

"'Yar nan, matso." Ta jawo ta ƙasa, ta rage murya. "Faɗa mini tsakaninki da Allah. Ko kaɗan babu muryar Yabo a ciki?"

"Ko kaɗan, Gwaggo. Zakariya ne daga farko har ƙarshe."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Tsohuwar ta rufe ido. Hawayen da ba ta zubar ba a gaban masu sanduna suka gangaro.

"Na ɗauka don na ga shanunsa suna tafiya na yi shiru ne ya yi fushi da ni. Ni wutar ba ta dame ni ba, 'yar nan. Abin da zan ce masa in na je, shi ya dame ni."

Najiba ta riƙe hannunta.

Tani ta share fuska da bakin zane, ta ja numfashi mai tsawo, ta dafa kan Dorkas.

"Ke, ya isa haka. Tashi ki ɗaga ni. Yunwa nake ji."